Daga kashi 33 zuwa kashi 4: abin da mai koyon ƙididdiga zai fara sani

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta sanar da cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari a watanni ukun farko na shekarar. Adadin da aka daɗe ana ambato kafin nan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. Tsakanin lokutan biyu ba wanda ya ga masaƙun Kaduna sun farfaɗo, ba a kuma ji masana'antun Sharaɗa da Bompai sun koma aiki dare da rana ba. Sai jama'a suka yi caa, wasu na cewa gwamnati ce ta dafa alƙaluman, wasu na cewa dama ƙididdiga duk zuƙi-ta-malle ce.

Abin da ya faru bai kai nan ba, amma ya fi haka muhimmanci ga mai son fahimta. Tambayar aka sauya. A tsohon tsari, duk wanda ke tsakanin shekara 15 zuwa 64, yana neman aiki, amma aikin da yake samu bai kai awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon tsarin, wanda ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, in ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce don a biya ka ko ka ci riba, kana da aiki. Matashin da ya gama jami'a yana zaman majalisa, ranar Asabar ya karɓi Keke Napep na yayansa ya yi jigila zuwa azahar, a 2020 marar aiki ne, a 2023 ma'aikaci ne. Shi dai yana nan yadda yake. Tsohon shugaban hukumar, Yemi Kale, ya fito fili ya soki ma'aunin awa ɗayan, kuma yana da hujja. Masu kare ma'aunin ma suna da tasu: da shi ne kawai za a iya kwatanta Najeriya da sauran ƙasashe. Sannan rahoton bai ɓoye komai ba, don a cikinsa an rubuta cewa sama da kashi 90 na masu aikin nan aikin buga-buga suke yi, ba albashi tsayayye, ba fansho. A ƙasar da ba a biyan alawus na zaman kashe wando, talaka ba shi da halin zama ba aiki, dole ya nemi abin da zai taɓa. Ƙarancin adadin marasa aiki a irin wannan wuri alamar tilas ce, ba ta wadata ba.

Na fara da wannan ne domin a nan ilimin ƙididdiga yake farawa, ba a inda makarantunmu ke farawa ba. Ɗan sakandare ana ba shi jerin lambobi ya tara ya raba, ya zana taswirar sanduna, ya haddace ƙa'idar fitar da tazara, ya rubuta jarrabawa ya manta. Wannan aikin duk wayar hannu tana yinsa cikin ƙiftawar ido. Abin da na'ura ba ta yi maka shi ne tambayar wa aka ƙirga, da wane ma'auni, kuma da me ake kwatantawa. Kowane adadi amsa ce ga tambayar da wani ya tsara. Ko batun talauci haka yake. Hukumar NBS ta ce a 2019 kashi 40 na 'yan Najeriya, kimanin mutum miliyan 83, matalauta ne, a 2022 kuma ta ce kashi 63, mutum miliyan 133. Na farko ya auna kuɗin da mutum ke kashewa a shekara, an ja layi a naira 137,430, kuma ba a sa Borno cikin jimillar ba saboda rashin tsaro. Na biyu ya auna rashin ruwa mai tsabta, makaranta, asibiti, makewayi, makamashin girki da makamantansu. Wanda ya jera su ya ce talauci ya ƙaru da mutum miliyan 50 cikin shekara uku ya haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Tambaya ta biyu ta fi ba mutane wuya: ta yaya za a tambayi mutum dubu kaɗan a ce an san halin miliyoyi? Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, ni dai ba wanda ya zo gidana ya tambaye ni. Gaskiya ne, kuma ba lallai a zo ba. Dillalin hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ɗan ƙarfen nan mai rami yake soka wa buhun, ya zaro, masarar ta zubo masa a tafi, ya murza, ya ciji ɗaya ya ji bushewarta. Amma ka lura ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, don ya san nan ake jera mai kyau. Gindi yake soka, da ciki, da kwiɓi, kuma shi ke zaɓen buhun da zai soka, ba mai kaya ba. Dukan ilimin ɗaukar samfuri yana cikin tafin nan nasa. Yawan abin da ka ɗebo bai kai inda ka ɗebo shi muhimmanci ba.

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada a zaɓen 1936. Wata babbar mujalla, Literary Digest, ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan goma, mutum sama da miliyan biyu suka maido, ta yi shelar cewa Alf Landon zai kayar da shugaba mai ci Franklin Roosevelt. Wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, George Gallup, da ya tambayi mutum kimanin dubu hamsin, ya ce Roosevelt zai ci. Da aka ƙirga ƙuri'u Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga littafin masu tarho da rajistar masu motoci da jerin masu sayenta, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, talaka ba shi da tarho balle mota. Ga kuma matsala ta biyu, wadda masu nazari da yawa ke ganin ta fi ta farko illa: waɗanda suka ɗauki wahalar maido da takardar galibi masu jin haushin Roosevelt ne. Mai fushi shi ke saurin amsawa. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta rufe.

Wannan cutar tana nan a duk ƙuri'ar da ake yi a Facebook, da duk shirin rediyon da ake buɗe layi a ce masu sauraro sun yanke hukunci. Mai kira mutum ne mai kati a waya, mai lokaci, mai zafin magana, kuma mafi yawanci namiji ɗan birni. Matar da ke surfe a wani ƙauyen Gumel ba ta cikin lissafin, alhali ranar zaɓe ƙuri'arta ɗaya ce da tasa. Ko mutum dubu ɗari ne suka latsa, abin da aka sani kawai shi ne ra'ayin masu latsawa.

Maganin abin shi ne a bar ƙuri'ar sa'a, irin ta canki-canka, ta zaɓo waɗanda za a tambaya, kowa ya zama yana da damar faɗowa ciki, mai bincike kuma ya cire son ransa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, haka aka yi shi: an zaɓo yankuna 1,400 a birni da karkara, aka rubuta dukan gidajen kowane yanki, aka fitar da talatin daga ciki, jimilla gida 42,000. Ma'aikaci ba shi da ikon cewa wannan gidan ya yi nisa, bari in shiga na bakin titi. In aka bi wannan hanya, lissafi yana iya gaya maka iyakar kuskuren da za ka yi. Mutum dubu ɗaya da aka zaɓo da ƙuri'a suna ba da amsar da galibi ba ta kauce wa gaskiya da fiye da maki uku sama ko ƙasa, kuma abin mamakin shi ne ko garin na mutum dubu ɗari biyar ne ko ƙasa ce ta miliyan ɗari biyu, kusan duk ɗaya. In kana so ka rage kuskuren da rabi, sai ka ninka samfurin sau huɗu. Don haka in aka ce ɗan takara yana da kashi 41, abokin karawarsa yana da 39, daga mutum dubu, amsar gaskiya ita ce ba a san na gaba ba. Jarida ba ta son wannan kanun, shi ya sa ba ka cika ganinsa ba.

Sai batun matsakaici, wanda ya fi kowane adadi yawo a bakin mutane. A ce mutum goma suna zaune, tara daga ciki kowa na ɗaukar naira 70,000 a wata, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, na goman kuma ɗan kwangila ne mai samun miliyan goma. In ka tara ka raba goma, matsakaicin samu ya haura naira miliyan ɗaya. Lissafin daidai ne, amma ba mutum ɗaya a wurin da ya yi kama da shi. In kuwa ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, sai ka sami 70,000, wanda shi ne halin da ake ciki. A duk abin da 'yan kaɗan suka kwashe kaso mai tsoka, kamar kuɗin shiga da filaye da dabbobi, na tsakiya ya fi faɗin gaskiya. Ko inda matsakaici bai yaudare ka ba, yana rufe bambanci. Binciken 2018 ɗin nan ya ce macen Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a rayuwarta, amma a Katsina 7.3 ne, a Legas 3.4. Mai tsara yawan azuzuwan firamare a Katsina da ya yi aiki da 5.3, yara za su zauna a ƙasa.

Hauhawar farashi kuwa ita ce inda aka fi yi wa juna gurguwar fahimta. Ana cewa ta sauka, uwargida ta je kasuwa ta tarar kaya sun ƙara tsada, ta ce ƙarya ake yi. Abin da adadin ke aunawa saurin tashin farashi ne, ba farashin kansa ba. Mudun da ke naira 1,000, in hauhawa ta kai kashi 34, baɗi ya zama 1,340. In ta sauka zuwa kashi 24, shekara mai zuwa mudun ya kai wajen 1,660. Ta sauka, shi kuma ya hau. Sai adadin ya faɗa ƙasa da sifili kafin a ce kaya gaba ɗaya sun yi sauƙi. A kan wannan kuma sai ga wani sauyin ma'auni: a Disamban 2024 hauhawar kashi 34.80 ce, a Janairun 2025 aka ce 24.48. Ba farashi ne ya karye cikin wata guda ba. An sabunta kwandon kayan da ake bibiya ne, aka matso da shekarar tushe, wato wadda ake kwatanta farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024, nauyin da ake ba abinci ya ragu daga sama da rabi zuwa kusan kashi 40. Sabuntawar ta zama dole, don abin da gida ke kashe wa kuɗi a 2009 ba shi ne na yau ba, lokacin ko datar waya ba ta zama cefane ba. Sai dai magidancin da kusan duk samunsa ke tafiya a tukunya, kwandon nan ba nasa ba ne, tasa hauhawar ta fi ta ƙasa bin farashin abinci. Irin wannan sabuntawa ce a Afrilun 2014 ta ɗaga arzikin Najeriya na 2013 daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510, ƙasar ta wayi gari ta sha gaban Afirka ta Kudu, saboda tsohon lissafin na 1990 ne, bai san da kamfanonin waya da harkar fim yadda ya kamata ba.

Duk wani "kashi kaza cikin ɗari" yana da abin da aka raba shi da shi, kuma a nan gizo ke saƙa a ƙasarmu. Rabon da a ƙirga 'yan Najeriya tun 2006, lokacin da aka sami mutum miliyan 140, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce atafau nata sun haura miliyan 17. Ƙidayar 1962 an soke ta, ta 1973 ma an soke, ta 2023 an ɗage. Ƙidaya a nan ba lissafi kaɗai ba ce, kujerun majalisa da rabon arziki sun rataya a kanta. Saboda haka duk adadin da ka ji na yawan jama'a a yau hasashe ne da aka ɗora kan 2006, kuma duk abin da aka raba da shi, likita nawa ga mutum nawa, yara nawa aka yi wa rigakafi cikin ɗari, ya gaji raunin hasashen.

Wanda ya nuna ƙarfin rabawa da adadin da ya dace shi ne wani likita a Landan, John Snow, lokacin annobar kwalara ta 1854. A zamanin, manyan likitoci sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. An fi tuna Snow da taswirar da ya zana ta mace-mace kewaye da famfon titin Broad, amma aikinsa na kudancin birnin ya fi burge ni. Kamfanoni biyu ne ke ba unguwanni ɗaya ruwa, bututunsu na bin titi ɗaya, wannan gida na shan na wannan, maƙwabcinsa na shan na wancan. Ɗaya, Lambeth, ya mayar da wurin ɗibansa can saman kogin Thames, inda ƙazantar gari ba ta kai ba. Ɗayan, Southwark da Vauxhall, yana ɗiba daga tsakiyar birni. Snow ya bi gidajen mamata yana tambayar ruwan wa suke sha. A makonni bakwai na farko ya sami mutuwa 315 a kowane gida dubu goma na kamfanin tsakiyar birni, 37 kuma a na Lambeth. Iska ɗaya suke shaƙa, talaucinsu da wadatarsu a gauraye, ruwa ne kawai ya raba su. Da jimillar mamata kaɗai ya kawo, da an ce ai kamfanin farko ya fi yawan gidaje. Da unguwar masu kuɗi ya kwatanta da ta talakawa, da an ce talauci ne.

Abin da Snow ya samu a ɓagas, wato rukuni biyu masu kama da juna a komai sai abu ɗaya, shi ne abin da masu bincike ke wahalar ƙirƙira. Abu biyu su riƙa tafiya tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Manoman da ke zuba taki sun fi samun amfani, to amma su ne kuma masu kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago a kan lokaci, masu sayen iri mai kyau, wataƙila masu fadama. Nawa ne aikin takin a ciki? Wani masanin ƙididdiga, Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya kawo mafita mai sauƙin faɗi: a yanka gona ƙanana-ƙanana, ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba taki da inda za a bari, a maimaita sau da yawa. Ƙuri'a ba ta san gefen da ya fi danshi ba, don haka za ta raba danshin tsakanin rukunan biyu. Da wannan tsari ake gwada sabon iri a cibiyoyin noma irin ta Samaru, da shi kuma ake gwada magani tun gwajin maganin tarin fuka da aka wallafa a Birtaniya a 1948.

Ka ajiye wannan kusa da mai tallar magani a tasha, lasifika a kan mota, yana kiran waɗanda suka sha suka warke su fito su ba da shaida. Mai yiwuwa ba ƙarya suke yi ba. Amma wanda ya sha bai warke ba ba ya dawowa tasha ya karɓi makirfo, wanda ya mutu kuwa balle. Sannan mutum yakan nemi magani ne ranar da ciwo ya fi tsanani, kuma cututtuka da yawa, mura, ciwon baya, ɓacin ciki, daga tsananinsu sauƙi suke nufa ko an sha ko ba a sha ba. Duk abin da aka haɗiya a ranar shi ke kwashe yabon. Tambayar da ba a yi a tasha ita ce: mutum ɗari masu irin ciwon da ba su sha ba, nawa suka warke?

Akwai wani lissafi da ko likitoci kan yi tuntuɓe a kansa, kuma ya shafi duk wanda ya taɓa karɓar takardar sakamako daga ɗakin gwaji. A ce wata cuta tana jikin mutum ɗaya cikin ɗari na masu zuwa gwaji. A ce gwajin yana kama tara cikin goma na masu ita, yana kuma yi wa ɗaya cikin goma na marasa ita ƙazafi. Da jin haka sai ka ce gwaji ne mai kyau, in ya ce kana da ita to kusan tabbas ne. Ɗauki mutum dubu. Goma ne masu cutar, gwajin zai kama tara. Sauran 990 lafiyarsu ƙalau, amma zai nuna 99 daga cikinsu suna da ita. Waɗanda takardarsu ta ce akwai cuta sun zama 108, masu ita na gaskiya tara ne kacal, bai kai ɗaya cikin goma ba. Gwajin bai lalace ba, ƙarancin cutar a cikin waɗanda aka gwada ne ya jawo haka. Da a ce rabin masu zuwan suna da ita, gwajin nan dai zai yi gaskiya sau tara cikin goma.

Alƙaluman nan misali ne na ƙirƙira, amma matsalar ba ƙirƙira ba ce. Gwajin taifot na Widal da ake yi wa kusan duk mai zazzaɓi a garuruwanmu an daɗe da sanin yana nuna taifot a jikin wanda ya taɓa yinta a baya, ko aka yi masa rigakafinta, ko yake fama da wani zazzaɓin daban, har da na cizon sauro. In ana yi wa kowa shi ba tare da tantancewa ba, da yawa daga masu fitowa da takardar "maleriya da taifot" ba su da ta biyun, su tafi kemis su sayi maganin ƙwayoyin cuta na kwana goma da ba sa buƙata, ƙwayoyin kuma su ƙara sabawa da maganin. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake fara tambayar kwana nawa zazzaɓin ya yi, yaya cikin yake, wane ruwa ake sha a gidan, kafin ya rubuta gwaji, in kuma da hali ya tura a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wanda kan ɗauki kwanaki kuma ya fi Widal tsada.